Kwantenar kuza da ta maƙale: nazarin lamarin wani ɗan kasuwa a Jos

## Kafin 2021

Ɗan kasuwar da wannan nazari ya shafa mutumin Jos ne, ya ba shekara hamsin baya, kuma a harkar kuza ya buɗe ido. Mahaifinsa ya yi aiki a Bukuru zamanin kamfanonin Turawa, kafin kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoban 1985, sauran manyan kamfanonin da suka rage suka tattara nasu ya nasu, suka bar wa Filato kududdufai. Abin da ya maye gurbinsu shi ne loto: rami mai ƙunci da zurfi, maza na shiga su turo ƙasa a bokiti, mata na wankewa a bakin ruwa, a shanya, a kawo gari a ƙananan buhuna. Alhaji, kamar yadda kowa ke kiransa, yana da shagon sayen kuza da injin maganaɗisu mai raba kuza da kolombait da sauran baƙin yashi. Shekara da shekaru yana sayar wa manyan 'yan kasuwar da ke fitar da kaya waje, bai taɓa fitarwa da sunansa ba.

Ta fuskar doka, bai cika ba, bai kuma zama fanko ba. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk wani ma'adini da ke ƙarƙashin ƙasa, saboda haka mai gona ba shi da ikon ba da izinin haƙa don gonarsa ce. Alhaji yana da rajistar kamfani, yana da lasisin saye da ajiye ma'adinai, yana kuma da lasisin ƙaramin filin haƙa guda ɗaya a yankin Barikin Ladi, wanda Ofishin Rajistar Filayen Ma'adinai da ke Abuja ya ba shi. Filin, in an yi sa'a, yakan ba da tan 3 a wata. Sauran kayan shagon daga ramukan loto suke zuwa, waɗansu kuma dillalai ke kawowa daga Bauchi da Nasarawa da Kudancin Kaduna. Ba wanda ke tambayar buhu daga wane rami ya fito. Abin da ake tambaya shi ne nauyi da kyawun kaya.

## Maris 2021 zuwa Mayun 2022

A watan Maris na 2021 ya ƙulla yarjejeniya kai tsaye da wani kamfanin fatauci mai rajista a Landan, wanda ke kai kayan wata masana'antar narka kuza a Asiya. Sharaɗin biya shi ne kashi 80 cikin ɗari idan takardun jirgi sun fito, ragowar kashi 20 bayan masana'anta ta yi gwajin ƙarshe, kuma a kan farashin lokacin ne za a rufe lissafi. Kwantena guda tana ɗaukar tan 24, ana lodin guda kusan kowane wata. Ya yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, bankinsa na buɗe masa fom ɗin NXP, wato takardar fitar da kaya waje, a kan kowace kwantena. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce kuɗin kayan da ba na man fetur ba su dawo gida cikin kwana 180.

A cikin yarjejeniyar akwai shafi biyu da suka yi maganar asalin kaya, aikin yara da cin hanci. Alhaji ya sa hannu bai nemi a fassara masa su ba, kamfanin Landan ma bai matsa ba. Lokacin kuza na tashi, har ta kusa dala 50,000 kowane tan a kasuwar ƙarafa ta Landan a watan Maris na 2022, kowa hankalinsa na kan lodi. A gurbin da aka ce a rubuta inda kaya suka fito, ejan ɗinsa na Legas yakan rubuta lambar filin Barikin Ladi, kowane wata.

## Yunin 2022: zuwan mai bincike

Tambayar ba daga Landan ta taso ba, daga can gaba ta gangaro. Tun 1 ga Janairun 2021 dokar Tarayyar Turai mai lamba 2017/821 ta fara aiki a kan masu shigar da kuza da tantalam da tangistin da zinariya. Ta wajabta masu su san hanyar da kayan suka biyo tun daga rami, bisa jagorar da OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki, ta shimfiɗa. Masana'antar Asiya tana sayar wa Turai, ana kuma binciken littattafanta, sai ta juya kan kamfanin Landan, shi kuma ya turo mai bincike Jos.

Kwana uku ya yi. Bai ɗaga murya ba, bai kuma zargi kowa ba, lissafi kawai ya yi. Takardu sun ce fili ɗaya ya ba da tan 24 a wata, shi kuwa ya tsaya a filin ya ƙirga ramuka da ma'aikata. Rasidan kason gwamnati da aka biya a kan ma'adinin ba su kai na rubu'in kayan da aka fitar ba. A wani wurin wanki kusa da Bukuru ya ga yara da dama, biyu daga cikinsu kuma ya ga an zura su rami da igiya. A littafin kashe kuɗi ya tarar da layi biyu da ke maimaituwa: "kuɗin hanya" da "na goro, tasha". Duk sayayya kuma da tsabar kuɗi ake yi, babu sunan mai sayarwa ko ɗaya.

Bayan mako biyu wasiƙa ta zo. An dakatar da sabon lodi. Kwantenar da ta tashi a watan Mayu, masana'anta ta keɓe ta a gefe, ba za a narka ba sai an tabbatar da asalinta, saboda haka kashi 20 ɗin ya tsaya. Kwanaki 180 na Babban Banki kuwa suna ta tafiya, za su cika a watan Nuwamba.

## Yuli zuwa Nuwamban 2022: abubuwan da aka gwada

Farko takarda aka nema. An samu wani mai ba da shawara a Abuja ya rubuta wa kamfanin Alhaji takardar manufa mai shafi talatin, da Turanci mai kyau, aka buga hatimi. Aka kuma sami masu lasisi biyu da suka yarda, a kan wani ɗan kaso, a ce wani ɓangare na kayan daga filayensu ya fito. Amsar Landan gajeriya ce: a turo rasidan kason gwamnati na filayen biyu da rahoton abin da suka haƙa a watannin. Ɗaya daga cikin filayen ko rami babu a cikinsa tun shekarar da ta gabata. Maganar ta mutu a nan, ta kuma bar tabo, domin a jagorar OECD ƙaryar asalin ma'adini laifi ne mai zaman kansa, a layi ɗaya yake da cin hanci.

Sai wani abokin Alhaji ya kawo shawarar a ga wakilin kamfanin da ke Legas, a yi masa ihsani, ya sassauta rahoto. Aka aika masa da ambulan ta hannun ɗan aike. Ya mayar, ya kuma rubuta wa shugabanninsa a ranar. Ba tsabar tsoron Allah kaɗai ba ne, ko da yake ba a raba mutum da nasa. Dokar cin hanci ta Birtaniya ta 2010, a sashe na 7, tana kama kamfani da laifin kasa hana cin hanci idan wanda ke masa aiki ya bayar don amfaninsa, ko a wace ƙasa aka yi, kuma ba ta ware ɗan abin da ake bayarwa don a hanzarta aiki ba, saɓanin dokar Amurka ta 1977 da ta bar wata 'yar ƙofa a nan. Kamfanin da ke ƙarƙashin irin wannan doka yakan horar da ma'aikatansa su kai rahoton duk ambulan da aka miƙo masu, na karɓa ko na bayarwa. A gida ma dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta 2000 ta haramta bayarwa kamar yadda ta haramta karɓa, sai dai nan an saba ganin ba ta cizo.

Game da yara, allo aka kafa a ƙofar shago: ba a sayen kuza daga hannun yaro. Yaran suka daina zuwa shagon, ba su daina shiga rami ba. Dillalai suka riƙa tare su a hanya suna saye da arha, su kawo wa Alhaji kayan nan dai da ribarsu a kai.

A tsakanin nan shago bai rufe ba. Akwai masu saye a Jos da ba sa tambayar komai, kuɗi a hannu, sai dai farashinsu ƙasa yake, kuma kuza ta faɗo ƙasa da dala 20,000 kafin ƙarshen Oktoba. Wannan ya riƙe albashin yaran shago, amma bai taɓa kwantenar da ke ajiye a Asiya ba. Banki ya fara rubuto wasiƙun tuni, yana ambaton cewa wanda bai dawo da kuɗin kaya ba ana iya hana shi hulɗar canji.

## Disamban 2022: wasiƙa ta biyu

'Yar Alhaji ta biyu ta karanta aikin akanta a Jami'ar Jos, tana kuma taimaka masa da lissafin haraji. Ita ce ta zauna ta karanta jagorar OECD daga farko har ƙarshe, ta gano abin da mai ba da shawarar Abuja bai faɗa ba. Jagorar ba ta ɗauki laifuffuka daidai wa daida ba. Akwai waɗanda in an gani ake yanke hulɗa nan take, irin su mafi munin aikin yara da taimaka wa 'yan bindiga. Akwai kuma waɗanda ake ba mutum dama ya gyara a ci gaba da ciniki, irin su cin hanci da ƙaryar asali da rashin biyan haƙƙin gwamnati, da sharaɗin a ga canji da za a iya aunawa cikin wata shida. Ba a neman mai kaya ya rantse cewa bai taɓa yin kuskure ba. Ana neman ya san inda matsalarsa take, ya rubuta, ya nuna abin da yake yi a kai.

Ta ce masa, "Baba, duk abin da muke ɓoyewa sun riga sun gani. Abin da ba su gani ba shi ne ko za mu faɗa da bakinmu."

Alhaji ya yi kwanaki yana juya maganar, domin wasiƙar da take so a rubuta amsa laifi ce da sa hannunsa. Ya nemi lauya, lauyan ya ce a fara da gida: a je ofishin sa ido kan ma'adinai a daidaita bashin kason gwamnati tukuna, don kada takardar da aka aika waje ta zama makami a cikin gida. Haka aka yi, aka lissafa bashin wata goma sha biyar, aka tsara biya kashi-kashi. Sannan wasiƙar ta tafi. Ta ce daga tan 24 na kwantenar Mayu, tan 3 ne kawai za a iya dangantawa da filin Barikin Ladi, kusan tan 9 an san ƙauyukan da suka fito amma ba a san ramukan ba, sauran kuwa ba a san asalinsu ba.

Masana'anta ta ƙi kayan. Aka sayar wa wani mai saye dabam da ragi mai yawa, a rubuce cewa asalinsu bai tabbata ba. Aka cire kuɗin ajiya da na sake lodi, Alhaji ya mayar da wani ɓangare na kashi 80 da ya riga ya karɓa, abin da ya rage ya shigo a watan Fabrairun 2023, wata uku bayan wa'adi. Bankin ya rufe fom ɗin saboda duk wasiƙun da aka yi musaya suna hannunsa tun Disamba.

## Janairu zuwa Agustan 2023: littafin bakin sikeli

Gyaran na gaskiya a bakin sikeli aka yi shi. Kowane buhu da ya shigo sai an rubuta sunan mai shi, ramin da ya fito, rana, nauyi da sakamakon gwaji, a ɗaure bakinsa da alama mai lamba, a yaga rasit gida biyu. Kayan da ba su da wannan bayani ba sa shiga ɗakin da ake tara na fitarwa. Wannan doka ɗaya ta kori fiye da rabin masu kawo kaya, har da dillalan da suka yi shekara ashirin da Alhaji. Ɗayansu ya ce masa a gaban jama'a, "Alhaji, yanzu mu ne ɓarayi ke nan?" Bai da amsar da za ta gamsar da shi, kuma har yau gaisuwarsu ba ta koma yadda take ba.

Aka rage wuraren saye zuwa huɗu. A uku daga ciki masu haƙa ba su da wata takarda, sai aka taimaka masu suka yi rajistar ƙungiyar gama kai, wadda dokar 2007 ta amince da ita ga ƙananan masu haƙa, aka nemi yardar masu gonaki a rubuce, aka shigar da neman lasisi. Alhaji ne ya biya kuɗin, a matsayin kafin alƙalami da za a riƙa cirewa a hankali. Biyu sun samu cikin shekarar. Na ukun ya tarar wani kamfani da ba a taɓa ganin ƙeyarsa a ƙauyen ba yana riƙe da lasisin wurin tun tuni, dole aka bar saye daga can.

Biya ta banki, wanda aka yi zaton zai fi komai wuya, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya sauƙaƙa shi. Mai rami da a da ba ya yarda sai ya ƙirga kuɗinsa da hannu, da kansa ya zo yana neman a tura masa ta waya. Da ma dokar hana halasta kuɗin haram ta kayyade cinikin tsabar kuɗi a naira miliyan 5 ga mutum, miliyan 10 ga kamfani, kuma shagon ya sha ƙetare wannan iyaka ba tare da kowa ya lura ba.

Maganar yara ta fi ɗaukar lokaci, don a nan doka da yunwa suke karo. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta hana sa wanda bai kai shekara 16 ba aiki a ƙarƙashin ƙasa, kuma Najeriya ta rattaba hannu kan yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya (ILO) mai lamba 182, wadda ta haramta mafi munin aikin yara, tun 2002. Amma yaron da ke rami galibi uwarsa ce ke wanki a sama, kuɗinsa kuma shi ne cefanen gidan. Aka zauna da shugabannin ƙungiyoyin da masu unguwa da limami da fasto, tunda ramukan ba su san bambancin addini ba. Aka tsaya a kan cewa ramin da aka ga yaro a ciki an daina sayen kayansa wata guda, duk ramin, ba yaron kaɗai ba. Aka ƙara wa mata masu wanki wani abu a kan kowane kilo, kai tsaye zuwa asusunsu. Shiga ramin yara ya tsaya a wuraren uku, gwargwadon abin da ziyarar bazata ta nuna. Zuwansu wurin wanki bayan an tashi makaranta da lokacin hutu bai tsaya ba, an kuma rubuta haka a rahoto.

Kuɗin hanya ma bai ƙare ba. Abin da ya canza shi ne kowace mota tana tashi da rasit na kason gwamnati da takardar rakiya, an ƙara wa direba kuɗin kwana, aka ba shi littafi ya rubuta duk shingen da aka nemi wani abu da abin da ya faru. Tafiyar Legas ta ƙaru da kwana ɗaya, wani lokaci biyu. An sallami ejan ɗin tasha, aka ɗauki wani da ke kawo rasit a kan kowane kobo, kuɗin aikinsa ya fi na wancan.

## Satumban 2023 zuwa 2025

Mai binciken ya dawo a watan Satumban 2023. Ya zaɓi buhu goma da ka, ya bi lambobinsu har bakin rami, tara suka dace, ɗaya an rubuta rana ba daidai ba. Aka amince da kwantenar gwaji a watan Nuwamba. Daga nan lodi ya koma kwantena guda a wata biyu, rabin na da.

A watan Maris na 2024 Ministan Ma'adinai Dele Alake ya ƙaddamar da dakarun tsaron ma'adinai daga rundunar Sibil Difens, neman takardu ya ƙaru a hanya da shaguna. A watan Fabrairun 2025 Gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu kan umarnin dakatar da haƙar ma'adinai a duk faɗin Filato. Alhaji ya rufe sikeli, ya sanar da Landan a makon, ko da yake akwai masu kawo kaya da dare a farashi mai daɗi. Da aka zo tantancewa, fayil ɗin da aka tara saboda Turawa shi ne aka miƙa wa kwamitin jiha, ba a ƙara masa komai ba.

## Hukunci

Duk dabarun farko sun faɗi ne a kan abu ɗaya: an so a gyara takarda a bar kaya yadda suke, alhali mai bincike ba takarda yake karantawa ba, yana gwada ta ne da abin da rami zai iya fitarwa. Wasiƙar Disamba ta yi aiki domin ta ba kamfanin Landan abin da zai iya kare kansa da shi a gaban masana'anta, littafin sikeli kuma ya yi aiki domin shi ne wuri na ƙarshe da ake iya sanin asalin buhu kafin ya gauraye. A ganina kuskure ne a ɗauka cewa dokar waje ce ta ɗora wa Alhaji sabon nauyi. Kason gwamnati, iyakar tsabar kuɗi, hana yara shiga rami, haramcin na goro, duk suna cikin dokokin Najeriya tun kafin ya san Landan. Rubuta lambar filin da kaya ba daga can suka fito ba kuwa algus ne, kuma mutumin da ba ya tauye mudu ya san hukuncinsa ba sai lauya ya gaya masa ba. Abin da kasuwar waje ta kawo shi ne mai tambaya.

Kamfanin Landan ma bai fita da tsabta ba. Wata goma sha biyar yana karɓar takardar da ke cewa ƙaramin fili na ba da tan 24 a wata, yana da masana da za su gane hakan a kallo ɗaya, bai yi magana ba sai da aka matsa masa daga sama. Da aka zo gyara, kuɗin rajistar ƙungiyoyi da ƙarin mata masu wanki da kwanan direbobi duk a kan Jos suka faɗa, bai ƙara ko dala ɗaya a farashi ba. Ribar Alhaji a kan kowane tan ta fi ta masu sayarwa a gida, amma jimillar abin da yake samu a shekara bai kai na 2021 ba. Dillalan da ya sallama suna nan suna ciniki da waɗansu shagunan, kuma ramukan wurin nan da lasisi ya gagara, har yanzu ana haƙa, kayan suna fita ta hannun masu sayen da ba sa tambaya.